Tabarma Goma Sha Ɗaya

Ranar sunan ɗana na fari, a Bagalam,
ni na ja Tsalha zuwa ɗakin baya
inda muke jibge buhunan gujiya,
na miƙa masa ƙafar rago a kwano,
na sa kwaɗo.
Wai kada dariyarsa ta dami baƙi.

Shi ya share ƙofar gida tun asuba.
Shi ya shimfiɗa tabarma goma sha ɗaya,
ya ƙirga sau uku, kowane ƙirge da jimlarsa daban,
ba ko ɗaya da aka ce ya zauna.

Bayan la'asar na buɗe.
Naman na nan, kitse ya daskare.
Ya ce, "Yaya, na aje wa jinjiri."

Unguwa ta raɗa masa suna ba rago:
dolo, gaula, sakaran gidan Tabawa.
Inna kaɗai ke kiran Salihu har ƙarshensa.
Wasu sun ce iska ta shafe shi a bakin Gulbi,
wasu sun ce Baba ya sayar da hankalinsa don kasuwa,
Baban da ya rasu ana bin sa jaka bakwai.
Likita ta ce babu iska, babu sammu,
kansa amalanke ne cikin yashi:
tana isa,
in ba a kwance mata shanu a hanya ba.

Mu muka kwance.
Sati biyu ya yi a lakwal,
Mushe ya ce benci na masu ganewa ne.
Allon na ƙarƙashin matashinsa har yau,
da harafi ɗaya tal,
mai ƙaton ciki kamar tulu.

Amma ku tambayi jajayen awakin layinmu
wa ya san wadda ta yi ɓari,
wa ke jin kukan ta Delu cikin garke
ya ce ƙaya ce a kofato,
a duba, a tarar da ƙaya.

Kai, bari in kama bakina.
Ga ni ina tallarsa kamar haja a Babbar Kasuwa.
Ko bai san akuya daga tunkiya ba fa?
Ni wa ya tambayi amfanina
kafin a gusa mini a kan tabarma?

Ku 'yan fada, masu shayi a gindin bedi,
kofi na uku ba ya ƙarewa don mutum ɗaya ya ƙaru.
In ya maimaita labari, ku ma kuna maimaitawa,
naku dai na siyasa ne.
Malam, in ya riga ka sujada,
gyara masa bayan sallama, kada ka tura shi bayan takalma.
Mai kabu-kabu, kuɗinsa dala ce irin ta kowa,
jira ya ƙirga.
Mushe, akwai sauran haruffa.

Kuma ba Tsalha kaɗai ba ne.
Daga Mokoyo zuwa Ɗan Gulbi
akwai ɗakunan baya da ban san adadinsu ba,
akwai yarinyar da makwabta suka san muryarta
ba su san fuskarta ba.

Bara aka sake haihuwa a gidanmu.
Ya share, ya shimfiɗa, ya ƙirga,
ya samu tara, ya samu sha biyu.
Na ce zaɓi taka.
Ya zaɓi ta tsakiya, kusa da Liman.
Da aka faɗi suna ya tuntsire da dariya
har wani baƙo daga Tibiri ya waiwaya.
Na ce, "Ƙanena ne."
Shekara ashirin da shida
kalma biyu suka yi suna neman hanyar bakina.

Kwaɗon na nan, ban yar ba.
Yana ƙofar garken awaki,
makullin kuwa a wuyan Tsalha.